Hukuncin Wanda Ya Yi Sara Bai Yi Kisa Ba

Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da shari'a Ya kuma sanya wa kowane laifi iyakarsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta daɗe tana zagayawa a majalisun ƙasar Daura, tun daga zaurukan malaman Zango har rumfunan kasuwar Mai'aduwa. Mutum ne ya ɗauki makami ya auka wa ɗan'uwansa, ya sare shi ko ya soke shi, ya bar shi kwance cikin jini, amma Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, bai mutu ba. Shin shari'a ta yarda a kashe wannan mai saran? Masu cewa a kashe suna da hujjarsu, kuma ba abar rainawa ba ce. Suna cewa wanda ya ɗaga adda ya nufi kan mutum ai kisa ya nufa. Rashin mutuwar kuwa ba alherinsa ba ne, ikon Allah ne da ƙoƙarin likita. To, don me zai ci ribar abin da ba shi ya aikata ba? Sukan ƙara da cewa wani raunin ma ya fi mutuwa ɗaci, domin magidancin da aka datse wa hannun dama, ga iyali ga gona, kullum safiya sai ya sake ɗanɗana wannan saran.

Maganar ta ƙara zafi a shekarar 2019. Ran 1 ga watan Mayu na wannan shekara 'yan bindiga suka shigo cikin garin Daura da almuru, suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, a ƙofar gidansa. Ya yi kamar wata biyu a hannunsu kafin jami'an tsaro su kuɓutar da shi da ransa a Kano a farkon watan Yuli. Tun yana hannun nasu, a cikin watan Mayun nan, Gwamnan Jihar Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan gyaran dokar laifuffuka wanda ya tanadi hukuncin kisa ga masu satar mutane da ɓarayin shanu, da ɗaurin rai da rai ga masu fyaɗe. Jama'a da yawa suka yi murna. Daga nan sai wasu suka ce a faɗaɗa abin ya haɗa da ƙauraye da 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya, kai har da duk wanda ya zare wuƙa a wurin faɗa.

Amsar da ke cikin littattafan Malikiyya, waɗanda su ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kafin jihadi, ta kasu biyu, saboda kalmar sara ta tara abubuwa biyu waɗanda shari'a ta raba su nesa da juna. Akwai saran da ya taso daga husuma tsakanin mutum da mutum. Akwai kuma saran ɗan fashi, wanda ba shi da wata gaba da wanda ya sara, abin hannunsa kawai yake so, ko kuwa yana son ya tsoratar da masu bin hanya. Wanda ya cakuɗa waɗannan biyu ba zai taɓa fahimtar maganar malamai ba.

Na farkon shi ne ya fi yawa a ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu. Makiyayi ya saki dabbobi cikin gona tun ba a gama kwashe amfani ba, manomi ya fito da gatari, shi kuma ya tare shi da sanda ko takobi. 'Yan'uwa biyu sun yi sa-in-sa a kan iyakar gonar gado. Samari sun kaure a dandali a kan budurwa. Hukuncin irin wannan yana cikin aya ta 45 ta Suratul Ma'ida, inda aka jera rai daban, aka jera ido da hanci da kunne da haƙori kowanne da abin da ake rama shi da shi, sa'an nan aka ambaci raunuka da cewa ramuwarsu gwargwadonsu ce, aka kuma kwaɗaitar da wanda aka cuta ga yafewa. Wannan shi ake kira ƙisasi, asalin ma'anarsa kuwa bin sawu da daidaitawa. Rai ba ya zama daidai da hannu, balle ya zama daidai da haƙori. Buhari ya ruwaito cewa Rubayyi'u 'yar Nadri, gwaggon Anas ɗan Malik, ta karya haƙorin gaba na wata yarinya. Danginta suka nemi a yafe, aka ƙi, suka miƙa dukiya, aka ƙi. Da aka je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umurni da ƙisasi, watau haƙorinta, duk da kusancin gidansu da shi. Ɗan'uwanta Anas ɗan Nadri ya rantse da Allah ba za a karya ba, yana mai dogara ga Ubangijinsa, sai kuwa Allah Ya tausasa zukatan mutanen suka janye.

Wanda ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a babin jinane da haddodi, ko Muhtasar na Shaihu Halil, zai ga yadda malamai suka bi wannan ramuwa da taka-tsantsan mai ban mamaki. Ba a yanke hukuncin rauni sai ya warke, domin a san inda ya tsaya. Ba a miƙa wa wanda aka sara wuƙa a ce ya rama da hannunsa, don kada fushi ya sa ya zarce. Gwani ake kira, ya auna tsawon raunin da zurfinsa, in kuwa shi gwanin ya wuce ma'auni da gangan, shi ma sai a rama a kansa. Idan ana tsananin sanyi ko tsananin zafi, ko mai laifin yana kwance ba lafiya, jinkirtawa ake yi har a amince wa ransa. Abin da ya fi wannan duka jan hankali shi ne akwai raunukan da shari'a ta hana a rama su sam, alhali kuwa su ne mafi muni. Akwai ja'ifa, watau sukar da ta huda ta kai cikin ciki. Akwai ma'amuma, saran da ya fasa ƙoƙon kai ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa. Akwai munaƙƙila, wadda ta farfasa ƙashi har ɓarɓashinsa ya gusa. Haka nan karya ƙashin cinya da na gadon baya da na wuya. Dalilin hanawar guda ne a bakin malaman duka: ana tsoron in an rama mai laifin ya mutu, alhali shi bai kashe ba. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan da kyau. Shari'ar da ta hana a soki cikin wanda ya soki cikin wani, don gudun kada ajalinsa ya zo ta nan, ta yaya za a ce ita ce kuma za ta miƙa shi ga hauni ya sare wuyansa? A irin waɗannan raunuka diyya ake biya, sa'an nan alƙali ya ladabtar da mai laifin da bulala ko ɗauri gwargwadon abin da ya gani zai tsawatar.

Saura maganar niyya, wadda ita ce ƙashin bayan hujjar masu cewa a kashe. Babu wanda niyyarsa ta kisa ta fito fili kamar Abdurrahman ɗan Muljam. Ya shayar da takobinsa guba, ya laɓe a masallacin Kufa da asuba a cikin watan Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, ya sari Sarkin Musulmi Aliyu ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya yarda da shi, a goshi. Sayyidina Aliyu bai cika nan take ba, ya yi kamar kwana biyu. A cikin waɗannan kwanaki, yana kwance da raunin, ya yi umurni a tsare mutumin, a ciyar da shi, a kyautata ɗaurinsa. Ya bayyana cewa in ya tashi, shi ne mai haƙƙin, ko ya yafe ko ya rama rauninsa. In kuwa ya rasu, to a kashe shi da sara ɗaya kamar yadda ya yi, kada a yi masa gunduwa-gunduwa. Ba a taɓa ran Ibn Muljam ba sai bayan Sayyidina Aliyu ya cika. Kafin wannan ma, a shekara ta 7, wata mata a Haibara ta sa wa Manzon Allah guba a naman akuya. Sahabbai suka nemi izinin kashe ta, ya hana. Sai da Bishru ɗan Bara'u, wanda ya ci naman tare da shi, ya rasu, sa'an nan aka kashe ta a madadinsa, kamar yadda malamai suka haɗa ruwayoyin.

Ashe ke nan alƙalin duniya yana hukunta abin da hannu ya aikata ne. Mugun nufin da ke cikin zuciya yana da ranarsa a gaban Mai sanin ɓoye, kuma hadisi ya tabbatar da cewa wanda ya zare takobi yana kwaɗayin kashe ɗan'uwansa yana cikin haɗarin wuta ko da shi aka kashe. A nan duniya kuwa niyyar tana ƙara nauyin ladabtarwa, amma ba ta mai da rauni kisa. Kada kuma a ɗauka cewa mai laifi ya tsira da zarar an ɗauki wanda ya sara da numfashi. In ya yi jinya ta kwanaki sa'an nan ya mutu, magadansa maza suna iya yin rantsuwa hamsin, wadda ake kira ƙasama, cewa wannan saran ne ajalinsa, sai a kashe musu mai saran. Imamu Malik ma ya karɓi furucin mai raunin kansa kafin ya cika, in ya ambaci wanda ya sare shi, a matsayin alamar da ke buɗe ƙofar wannan rantsuwa. In kuma magada suka yafe wa mai kisan ganganci, bai tafi gida haka nan ba, sai an yi masa bulala ɗari an ɗaure shi shekara guda.

Kashi na biyu hukuncinsa dabam ne ƙwarai. Mutanen Zango ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar hanya. Sunan garin ma kansa kalmar matafiya ce, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana cikin aminci, ga shi kuma a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda fatake da masu koren dabbobi suke kai da kawowa tun zamanin da gidan sarautar Daura yake zaune a nan, kafin Turawa su mai da Malam Musa birnin Daura a 1906. Wanda ya tare hanya ya cuci wanda ya tare, ya kuma cuci duk wanda ya fasa tafiya kasuwa saboda labarin. Don haka Alƙur'ani, a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, ya ɗauki wannan aiki a matsayin yaƙi da Allah da ManzonSa da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa, ya ambaci hukunci huɗu: kisa, ko tsirewa, ko yanke hannu da ƙafa a saɓa, ko kora daga ƙasa. Sunan laifin hiraba, mai yin sa kuwa muharibi. Imamu Abu Hanifa yana ganin ba a hiraba sai a daji, inda babu mai kawo ɗauki. Malikiyya suka faɗaɗa. A wurin Shaihu Halil, duk wanda ya hana mutane bin hanya, ko ya ƙwace dukiyar Musulmi ko wanda ba Musulmi ba ta yadda neman agaji ba zai yiwu ba, muharibi ne, ko da shi kaɗai ne, ko da a tsakiyar gari ne. Ya sa a ciki wanda ya shayar da mutum abin gusar da hankali, irin su zaƙami, don ya kwashe kayansa, da wanda ya yaudari yaro zuwa wani saƙo don ya ƙwace abin hannunsa, da wanda ya shiga lungu ko gida dare ko rana yana faɗa don ya ɗauki dukiya. Wanda ya karanta wannan zai ce Shaihun, wanda ya rasu a Masar tun ƙarni na takwas na Hijira, ya ga masu ƙwacen waya da idonsa.

Wani zai ce mai satar mutane ai ba kaya ya ɗauka ba. An riga an yi wannan gardama tun a Andalus. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543, ya ba da labari a littafinsa na hukunce-hukuncen Alƙur'ani cewa lokacin da yake alƙalanci an kawo masa wasu mutane da suka tare ayari suka ɗauke wata mata da ƙarfi. Masu fatawar garin suka ce waɗannan ba muharibai ba ne, tun da hiraba a kan dukiya take. Alƙalin ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa kowane mutum ya gwammace a kwashe dukiyarsa kaf da a taɓa matarsa ko 'yarsa, don haka fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. A bisa wannan, wanda ya shiga gari da bindiga ya ɗauke mutum daga ƙofar gidansa, kamar yadda aka yi wa Magajin Garin Daura, ya tsare shi yana cinikin ransa, babu shakka a kan shigarsa cikin ayar. Haka ɓarawon shanu mai zuwa da makami. Shi kuwa mai kwance akuya a ɓoye cikin dare, hukuncinsa na sata ne, ba na hiraba ba.

To, muharibin da ya yi rauni ko ya tsoratar, amma bai kashe kowa ba, ana kashe shi? A nan manyan malamai suka saɓa. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad da Imamu Abu Hanifa sun tafi a kan cewa hukunce-hukuncen nan huɗu a jere suke gwargwadon laifi, suna dogara da fassarar da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas. A wurinsu kisa sai ga wanda ya yi kisa. Wanda ya ƙwaci dukiya kawai yankewa ce tasa, wanda ya tsoratar kawai a kore shi. Imamu Malik ya ce a'a, ayar zaɓi ta ba shugaba. In muharibi ya yi kisa, babu makawa a kashe shi, kuma ko magada sun yafe yafewarsu ba ta aiki. In bai yi kisa ba, shugaba zai yi ijtihadi, ya duba girman laifinsa da daɗewarsa cikin ɓarna, ya zaɓi ɗaya daga cikin huɗun, har da kisan. Wannan ita ce kaɗai ƙofar da mazhabar ƙasar nan ta buɗe a fili ga kashe mai makamin da bai kashe ba, kuma dalilinta amincin hanya ne, ba ramuwar raunin ba.

Zaɓin nan kuwa an ɗaure shi da maslaha. Malamai suka ce wanda ya fi cancantar kisa shi ne mai dabara, wanda ke tsara fashin yana tara mabiya, domin yanke masa hannu ba ya raba shi da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Mai ƙarfin damtse marar dabara, yankewa ta ishe shi. Wanda ba shi da ko ɗaya, da wanda abin ya suɓuce masa sau ɗaya, a yi masa bulala a kai shi wani gari mai nisa a tsare har tubarsa ta bayyana. Shaihu Halil ya ƙara wata magana wadda ta zo daidai kan gaɓar wannan tambaya, cewa ayyana hukuncin na shugaba ne, ba na wanda ɗan fashin ya datse wa hannu ba. Zafin mai rauni gaskiya ne, amma ba shi ke riƙe da ma'auni ba. Shi ma shugaban ba a sakar masa linzami ba. Daga cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da shi a Kitabul Farƙi akwai kashe mutum ko korarsa ko cin dukiyarsa don son zuciya ba da haƙƙin shari'a ba. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, a Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano, ya bambanta siyasa mai adalci wadda shari'a ta yarda da ita da siyasa azzaluma wadda ta haramta.

In aka ɗora dokokin Nijeriya a kan wannan ma'auni, za a ga inda suka dace da inda suka zarce. Bayan yaƙin basasa, da makamai suka yawaita a hannun mutane, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Doka ta 47 ta 1970 a kan fashi da makami, gwamnatin soja ta 1984 kuma ta sabunta ta. Dattawa suna tuna yadda ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a, tun daga Ishola Oyenusi a Ikko a 1971 har zuwa Lawrence Anini a Binin a 1987. Dokar ta ce wanda ya yi fashi yana ɗauke da makami, ko yana tare da mai makami, ko ya ji wa wani rauni a wurin fashin, hukuncinsa kisa ne, kuma alƙali ba shi da ikon sassautawa. Ta dace da Imamu Malik wajen halatta kashe ɗan fashin da bai kashe ba. Ta rabu da shi wajen ɗauke zaɓin, domin ta yi wa uban daba da yaron da aka ba sanda ya yi gadi kuɗin goro. Akwai haɗari a cikin haka wanda mai tsananin fushi ba ya gani. In hukuncin wanda ya yi rauni da na wanda ya yi kisa ɗaya ne, me zai hana ɗan fashi ya ƙarasa wanda ya sara, tun da gawa ba ta ba da shaida? Kotun ƙoli ta Amurka ta ambaci irin wannan dalili a 2008, lokacin da ta hana kashe mai fyaɗen da bai kashe yarinyar ba. Alƙur'ani kuwa ya riga kowa barin wa mai laifi abin da zai ja shi baya, domin aya ta 34 ta keɓe waɗanda suka tuba suka miƙa wuya tun ba a kama su ba. Irin waɗannan haddin hiraba ya faɗi daga kansu, sai dai haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansu sai sun biya. Wannan sharaɗi na biyu shi ake yawan mantawa a duk lokacin da ake maganar sulhu da 'yan bindiga.

Sa'an nan duk wannan bayan laifi ya tabbata ne a gaban alƙali, da shaidu biyu adalai ko da iƙirarin da ba a tatso shi da duka ba. Malikiyya sun sauƙaƙa abu ɗaya saboda larura, suka yarda 'yan ayarin da aka tare su yi wa juna shaida, ban da mutum ya yi wa kansa. Amma ihun ɓarawo a kasuwa ba shaida ba ne. Jama'ar da ta taru ta kashe wanda ake zargi da ƙwace, duk wanda ya sa hannu a ciki ya ɗauki jini a wuyansa, ko da zargin gaskiya ne, balle in ƙarya ne. Mafarauta 16 'yan Arewa da aka ƙona a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 a kan zato aka kashe su. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Abin takaici, yawaita rubuta kisa a takarda bai zama yawaita adalci ba. Fiye da mutum 3,000 ne suke zaune a gidajen yarin Nijeriya da hukuncin kisa a kansu, gwamnonin da suka sa hannu a zartar tun daga 1999 kuwa ba su da yawa. A Jihar Katsina, bayan kafa dokokin shari'a a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, an rataye wani mutum a watan Janairu na 2002 a kurkukun Kaduna, shi ma a kan kashe wata mata da 'ya'yanta biyu ne, watau ƙisasin rai. A hayin iyaka kuwa, Nijar tana da hukuncin kisa a dokarta, amma rabonta da zartarwa tun 1976. Ɗan fashi ya san duk wannan. Abin da ke tsorata shi shi ne tabbacin za a kama shi, kuma ba za a sake shi da daddare don wani babba ya yi waya ba.

Wanda aka fi mantawa a cikin wannan gardama duka shi ne mai raunin kansa. Kashe wanda ya sare shi ba zai biya kuɗin asibiti ba, ba zai nome masa gona ba. Shari'a kuwa ta yi masa tanadi dalla-dalla tun cikin wasiƙar da Manzon Allah ya rubuta wa Amru ɗan Hazmi lokacin da ya aike shi Najran, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 ga masu zinariya, watau kimanin kilo huɗu da kwata. Hannu ɗaya rabin wannan ne, haka ƙafa, haka ido, sai dai idon mai ido ɗaya Malikiyya suka ba shi diyya cikakkiya tun da shi ne ganinsa duka. Wanda aka doka hankalinsa ya gushe, ko jinsa, diyya cikakkiya. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori 5, saran da ya bayyana ƙashin kai ko na fuska 5, munaƙƙila 15. Ja'ifa da ma'amuma kowacce sulusin diyya ce. Ke nan yaron da ya soka wa mai waya wuƙa a ciki ya jawo wa kansa bashin da ya kusa kilo ɗaya da rabi na zinariya, ban da hukuncin hirabar da ke jiransa. In an ce yaron ba shi da ko anini, malamai sun riga sun duba wannan. Asali dangi ba sa ɗaukar wa mutum diyyar abin da ya yi da gangan, amma a kan waɗannan raunuka biyu Risala ta kawo magana biyu daga Imamu Malik. Ɗaya ita ce aƙila ce ke biya, watau danginsa maza na wajen uba. Ɗayar kuwa a cikin dukiyarsa ne, sai in matalauci ne, sa'an nan dangin su ɗauka. Ta kowace fuska aka bi, diyyar ba ta faɗuwa don talaucin mai suka. Uban da ya san ɗansa yana fita da wuƙa a ƙugu ya kau da kai, da baffan da ke zuwa beli tun jinin bai bushe ba, su ne alƙali zai aika wa sammaci su kawo kasonsu.